Tambayi Malamin Gona: Wace Irin Ƙasa Ce a Gonarka?

Wasiƙun da suka taru a wannan wata yawancinsu a kan ƙasar noma suke, kuma kusan kowa da maganar taki yake farawa: wane iri zan saya, buhu nawa zan zuba. Na zaɓi guda bakwai, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani matashi a yankin Gumel: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona mai kimanin hekta biyu, ƙasarta fara ce mai rairayi. Na yi shekara uku a Saminaka ina ƙwadagon gona, na ga yadda ake cika motoci da masara, saboda haka da na dawo gida na shuka masara shekara biyu a jere, na zuba mata takin zamani yadda na ga ana yi a can, amma ko kuɗin takin ban mayar ba. Shin takin ne jabu, ko irin ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Ɗana, jabun taki akwai shi a kasuwa, amma kafin ka zargi mai shago ina so ka je gonar, ka tona rami zuwa gwiwar hannu, ka damƙo ƙasar ka yayyafa mata ruwa, sannan ka gwada mulmula ta kamar mai cura fura. Idan ka buɗe hannu ta wargaje, to jigawa ce tsantsa, wadda jiharku ta ci sunanta lokacin da aka cire ta daga Kano a 1991. Tuddan rairayin nan iska ce ta tara su a wani zamani mai nisa da ƙasar ta fi yanzu bushewa, daga baya ciyawa da itatuwa suka ɗaure su a inda suke.

Jigawa tana da sauƙin noma, tana shanye ruwa nan take, amma ba ta riƙe shi. Abin da ke riƙe ruwa da abincin shuka a cikin ƙasa shi ne laka da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, ita kuwa jigawa duka biyun kaɗan ne a jikinta. Idan ka watsa yuriya a kan rairayi aka yi ruwa mai ƙarfi, narkewa za ta yi ta bi ruwan zuwa zurfin da saiwar masara ba ta kaiwa, idan kuma ba a yi ruwan ba, ka bar ta a fili ba ka rufe ba, wani kaso nata zai bi iska. Ɗiban ruwa da kwando ke nan. A Saminaka ƙasar tana da jiki, akwai laka daidai gwargwado, ruwan sama kuma yakan haura milimita 1,000 a shekara, yana sauka tun daga Mayu har cikin Oktoba. A wajenku abin da ake samu bai cika wuce milimita 600 da wani abu ba, cikin wata uku zuwa huɗu, ga tsayawar ruwa ta mako biyu da kan faɗo a tsakiyar damina. Masara kuwa idan ƙishirwa ta same ta a lokacin da take fure da goyo, shi ke nan, sai kara.

Dattawan da suka cika wannan yanki da gero da wake ba rashin sanin masara ne ya sa su ba. Saiwar gero tana nutsawa fiye da mita guda tana neman lema, kuma yana jure zafin rairayi da ƙarancin abinci. Wake da gyaɗa da gurjiya suna da ƙwayoyin halitta a saiwarsu masu jawo naitirojin, wato wani sinadarin abincin shuka, daga iska, ga shi gyaɗa ta fi son ƙasa mai taushi wadda za ta soka ƙafarta a ciki ta yi 'ya'ya, a kuma cire ta ba tare da rabi ya maƙale ba. Idan kuɗi kake nema, ga riɗi da zoborodo da kankana, kuma kasuwar Maigatari tana kusa da kai.

Game da taki, abin da ya fi ƙaranci a irin wannan ƙasa bayan naitirojin shi ne fosfaras, wanda shi ke ƙarfafa saiwa tun shuka tana ƙarama. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun yaɗa wata dabara da ta dace da mai ƙaramin ƙarfi: a zuba cikin marfin kwalbar lemo na NPK, wajen giram 6, a kowane ramin gero lokacin shuka ko jim kaɗan bayan tsiro, a gefe kaɗan yadda ba zai taɓa irin ba, kuma ƙasa tana da danshi. A hektar da ke da rami 10,000 kilo 60 ke nan, wato gonarka gaba ɗaya buhu biyu da rabi sun ishe ta. Kwatanta wannan da abin da aka saba ba wa masara a kudancin Kaduna, inda cikakken ƙa'ida ya kai buhu takwas na NPK 15-15-15 da kusan buhu uku na yuriya a hekta ɗaya.

Amma gyaran gonar na gaskiya da rani ake yin sa. Ka yi shiri da makiyaya su sauka a gonar bayan girbi, ana matsar da mashekarin daga wuri zuwa wuri. Kada ka kwashe karan gero kaf, ka bar wani a kwance ya tare iska. Idan akwai gawo a gonar, ko ɗan ƙaramin da ya tsiro da kansa, ka kiyaye shi kamar ɗan akuyarka, domin shi itace ne da ke kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi ganye da rani dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Masarar kuma, idan ranka yana so, ka yi ta a ɗan fegin bayan gida inda shara da toka da kashin awaki suka daɗe suna taruwa, da iri mai saurin nuna.

Tambaya daga wata uwargida a Kano: Malam, barka da aiki. Mun tare a sabon gida a bayan gari, akwai fili a tsakar gida da nake so in mayar lambu. Na shuka alayyafo da tumatir da kuɓewa, amma idan na yi ban ruwa sai ruwan ya kwanta, in ya bushe wurin ya yi tauri kamar daɓe, shukar kuma ta tsaya cak tana rawaya. Wata maƙwabciya ta ce in zuba kashin kaji, na zuba, washegari ganyen ya ƙone.

Amsa: Barka kadai, Uwargida. Ina kyautata zaton lokacin gini an yi cikon filin da jar ƙasar da tifa ke kawowa. Wannan ƙasa daga ƙarƙashin rami ake haƙo ta, jan gargari ce haɗe da marmara, kuma magina suna son ta ne saboda halin nan da ya dame ki, wato tana daskarewa ta yi tauri. Ba ta taɓa ganin ganye ko saiwa ba, saboda haka babu abinci a cikinta, ga ɓaraguzan siminti da aka tattake a kai. Ƙasar noma ta ainihi ita ce ta sama, mai duhu, wadda kaurinta a yawancin wurarenmu bai wuce taƙi ɗaya ba.

Ga gwajin da za ki iya yi a madafa. Ki sami kwalba mai haske, ki zuba ƙasar zuwa kashi ɗaya cikin uku, ki cika da ruwa, ki girgiza sosai, ki ajiye a kan taga. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta a ƙasa. Bayan awa biyu za ki ga wani layi mai laushi a kansa, shi ne turɓaya. Laka kuwa sai ta kwana, wani lokaci ta yi kwana biyu, kafin ruwan ya washe. Ƙasar lambu mai kyau ita ce wadda yashinta ya kai kusan rabi, sauran kuma turɓaya da laka suka raba, sannan aka ga ɗan baƙin ɓarɓashi yana yawo a saman ruwan.

A gaskiya ba na ba ki shawarar ki yi ta fama da cikon nan. Ki ɗora lambun a kansa. Ki jera bulo biyu-biyu ki yi fangali mai faɗin da hannunki zai kai tsakiyarsa daga kowane gefe, a farfasa ƙasan da diga domin ruwa ya sami hanya, sannan a cika da haɗin kwano biyu na baƙar ƙasar gona, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na yashin rafi ko buntun shinkafa. Buhun da aka gama cin shinkafarsa ma yana yi, a huhhuda shi a gindi da gefe. Alayyafo da latas zurfin taƙi ɗaya ya ishe su, tumatir da kuɓewa da tattasai suna son ninkin haka.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta manta ta ce miki ɗanyen kashin kaji wuta ne. Ana tara shi a inuwa tare da busasshen ganye da ɓawon kayan miya, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu, har sai ya daina zafi da wari, ya koma baƙi mai ƙamshin ƙasar farkon damina, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku. Tokar murhu tana da amfani saboda fotash ɗin da ke cikinta, amma barbaɗawa ake yi kamar gishiri a miya. Idan za a kawo miki ƙasar juji, ki sa a tankaɗe ta, kuma ki guji wadda ake zubar da tsofaffin batura da baƙin mai a cikinta, tunda ganyen bakin yaranki zai shiga. Kanawa sun daɗe da sanin darajar sharar gari: a da, jakunan da ke shigo da itace birni da safe da mangalar taki suke komawa ƙauye, kuma da wannan ne gonakin kewayen Kano suka yi shekaru aru-aru ana noma su kowace damina ba hutu, abin da masanin nan Michael Mortimore ya daɗe yana nazari a kai.

Abu ɗaya kuma: idan tumatir ya ci gaba da yaushi a sabuwar ƙasar, ki tuge guda ɗaya ki duba saiwar. In kin ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, wata tsutsa ce da ido ba ya gani, sai a sauya ƙasar buhun a kuma daina maimaita tumatir da kuɓewa a wuri ɗaya.

Tambaya daga wani manomin rani a yankin Kura: Malam, shekara goma sha biyar ina noman rani a fili ɗaya. Yanzu wani ɓangare na gonar yana yin fari-fari a saman kunya kamar an barbaɗa gari, albasa da tumatir ba sa yin komai a wurin, kuma duk shekara wurin ƙara faɗi yake yi. Na ƙara taki, abin sai ƙaruwa.

Amsa: Alhaji, ka dangwali farin nan ka ɗanɗana. Ko dai ka ji gishiri, ko ka ji ɗacin kanwa, kuma duka biyun hanyarsu ɗaya. Kowane ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri, har ruwan da ke zuwa muku daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, duk da cewa nasa kaɗan ne. Idan ana yawan ban ruwa kuma rarar ba ta da mafita, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso har ya kusanci sama, zafin rana ya riƙa jawo shi yana busarwa, gishirin kuma ya zauna a saman kunya. Shekara goma sha biyar ta isa kaɗan ta zama da yawa. Shukar da ke cikin irin wannan ƙasa tana tsaye cikin danshi amma ƙishirwa take ji, domin gishirin yana hana saiwa zuƙar ruwa, kuma takin zamani shi kansa nau'in gishiri ne, shi ya sa da ka ƙara abin ya ƙaru.

Ka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a wurin, kwana biyu bayan ban ruwa. Idan ruwa ya tsattsafo ya taru, to matsalarka magudana ce, kuma babu maganin da za ka saya a shago kafin ka gyara ta. Ku haɗu da maƙwabtan gonarka ku yashe magudanar da ke fitar da rara, wadda na tabbata laka da ciyawar kachala sun cushe ta, domin aikin mutum ɗaya ba ya isa a nan. Bayan ruwa ya sami mafita, sai a daidaita wurin, a tare shi da kunya, a cika da ruwa mai yawa sau biyu ko uku domin ya wanke gishirin zuwa ƙasa. Noman shinkafa da damina a wurin yana taimakawa ga wannan wanki.

Kanwa ta fi gishiri wuyar sha'ani, saboda tana narkar da jikin ƙasa ta mayar da ita kamar sabulu idan ta jiƙe, ruwa ya kasa ratsa ta. Alamarta ita ce ruwan da ya kwanta a wurin ba ya washewa, wani lokaci saman ya yi baƙi-baƙi. Wannan sai an haɗa da hodar jipsam, wato wani farin ma'adini, da takin gargajiya mai yawa da buntun shinkafa kafin wankin ya yi aiki. Kada ka kuskura ka zuba toka a wurin. Kafin ƙasar ta farfaɗo, ka mayar da albasa da karas wani ɓangaren, domin suna cikin waɗanda suka fi rashin jure gishiri. Alkama ta fi su dauriya nesa ba kusa ba. Idan kana shuka a kan kunya, ka sa irin a gefenta kusa da bakin ruwa, tunda gishirin a ƙololuwa yake taruwa.

Tambaya daga wani malamin makaranta a yankin Jibiya: Malam, an yi mini tayin wani fili da araha, amma fako ne, ko ciyawa ba ta fitowa, idan aka yi ruwa sai ya bi ta kai ya wuce. Abokaina suna yi mini dariya. Shin fako yana gyaruwa?

Amsa: Yana gyaruwa, Malam, amma da gumi, kuma ba kowane ba. Ka fara sara shi da diga a wurare huɗu ko biyar. Idan bayan ɓawon sama ka tarar da ƙasa mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, saye. Idan kuwa digar ta yi ƙara a kan shimfiɗaɗɗen dutsen marmara tun ba a je ko'ina ba, ka bar wa mai shi kayansa.

Yawancin fako gona ce a da. An sare itatuwanta, an kwashe kara, iska da ruwa suka share ƙasar sama, sannan ɗigon ruwan sama ya yi ta dukan abin da ya rage har ya toshe ƙofofinsa. Sau da yawa ƙasar da ke ƙarƙashin ɓawon ta fi ta jigawa laka, saboda haka idan ruwa ya sami shiga tana riƙe shi fiye da jigawa.

Maƙwabtanku na tsallaken iyaka sun riga mu nisa a wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga ramukan da ake kira zai, suka dawo suka inganta nasu da suke kira tassa. Ana haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kusan taku ɗaya, ana tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare ta zama ɗan shinge, layi na biyu kuma ana saɓa shi da na farko domin ruwan da ya kuɓuce wa wannan rami ya faɗa wancan. A kowane rami ana zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu tun da rani. Daga nan gara ce ke karɓar aikin: tana zuwa cin takin, ta huda ƙasar ta yi hanyoyi, ruwan farko ya bi su ya nutse. Da damina ta sauka sai a shuka gero ko dawa a cikin ramin. Abin ya karɓu a can har fakon da a da kyauta ma ba a so ya koma ana cinikinsa. Inda gangaren ya fi faɗi ana yin rabin wata, wato babban rami mai siffar jinjirin wata da bakinsa ke kallon inda ruwa ke fitowa, ko a jera duwatsu a gicciye.

Aikin yana da nauyi, hekta guda tana cin rami dubu goma ko fiye, kuma a cikin zafin Maris da Afrilu ake yin sa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka ce sai ka gama filin a shekara ɗaya. Ka ɗauki gwargwadon takin da kake da shi, domin tassa ba taki rami ne kawai. Duk wani kututturen sabara ko kalgo ko magarya da ya yi toho a wurin, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka sassabe sauran. Wannan shi ne abin da mutanen Maraɗi ke kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostireliya ya fara yaɗawa tare da manoman yankin a 1983, kuma an ƙiyasta cewa ya mayar da itatuwa a kan hekta kusan miliyan biyar a Nijar.

Tambaya daga wani manomi a yankin Malumfashi: Ƙuduji ya cinye mini gonar dawa. Wasu sun ce ciwon ƙasa ne, wai ƙasar ta mutu. Haka ne?

Amsa: Ƙasar ba ta mutu ba, gajiya ta yi. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, tsiro ne mai kama saiwar dawa da gero da masara yana tsotsa tun kafin ya fito fili, kuma ya fi ƙarfi a gonar da abincinta ya ƙare aka kuma yi ta maimaita mata hatsi. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu kama da ƙura, waɗanda ke iya zama a ƙasa fiye da shekara goma. Ka tuge shi kafin furen ya zama iri, ka fitar da shi daga gonar ka ƙone. Ka huta da dawa shekara biyu, ka sa waken suya ko gyaɗa ko auduga, domin saiwarsu tana yaudarar irin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Ka loda takin gargajiya, sannan in za ka dawo da hatsi ka nemi iri mai jure shi daga cikin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa mazaunin Marwa a Kamaru: Malam, a nan ina ganin ana dasa dawa bayan damina ta ɗauke, ba ban ruwa, kuma ta yi. Zan iya yin haka a fadamarmu ta gida?

Amsa: Masakwa ke nan, wadda Fulanin wajenku ke kira muskuwari, kuma ana yin ta sosai a Barno wajen Dikwa da Ngala, da kuma cikin Chadi. Sirrin yana cikin ƙasar, wadda Barebari ke kira firgi: baƙar laka mai nauyi da ke kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage da rani har hannu ya shiga. Ana tare mata ruwan damina da ƙananan kunyoyi ta sha ta ƙoshi, a yi renon iri a gefe, sannan wajen Satumba zuwa Oktoba a huda rami da turken itace mai tsini, a zuba ɗan ruwa, a dasa da tazara mai yawa, a girbe cikin sanyin Janairu ko Fabrairu. Kalmar fadama kuwa tana ɗaukar ƙasa iri-iri. Ka jiƙa ta gidanku ka murza tsakanin tafukanka: idan ta yi igiya doguwa har ka lanƙwasa ta ta zama zobe ba ta karye ba, kuma lakar ta kai zurfin mita, gwada a ɗan wuri. Idan laka ce a sama yashi a ƙasa, kamar yawancin bakin kogunanmu, danshin ba zai kai ta ga girbi ba, gara ka kafa injin ban ruwa ka yi albasa ko tattasai.

Tambaya daga wata ma'aikaciya a Zariya: Malam, ina shirin fara noman masara da waken suya a hekta biyar. An ce in kai ƙasa a gwada. Yaya ake yi, kuma ya cancanci wahalar?

Amsa: Ga mai hekta biyar ya cancanta, Hajiya, domin kuɗin gwajin bai kai na takin da za a iya zubawa a banza ba, kuma ga ki kusa da Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922 kuma akwai ɗakin gwajin ƙasa. Ƙasar yankin Zariya zuwa Funtuwa tana da turɓaya mai laushi da iska ta daɗe tana saukewa, har yau ma hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi yana ƙara mata ɗan abu duk shekara. Tana riƙe ruwa, masara na son ta, amma tana yin ɓawo bayan ruwa mai ƙarfi, kuma gonar da ta daɗe tana shan yuriya ba takin gargajiya takan yi tsami. Gwajin zai nuna miki ma'aunin tsamin, wanda ake kira pH. Yawancin amfanin gonarmu sun fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 7, idan kuma ya faɗi ƙasa da haka fosfaras ɗin da kika saya yakan maƙale a ƙasa shuka ta kasa ɗauka.

Kuskuren da aka fi yi a wajen ɗiban ƙasar ne. Ki zaga gonar tukuna ki raba ta bisa ga abin da idonki ya gani, tudu daban, kwari daban, inda ƙasar ta yi ja daban da inda ta yi duhu. A kowane kashi a bi a karkace ana tsayawa a wuri goma sha biyar zuwa ashirin, a share ganyen sama, a yanko ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 20, a zuba a bokitin roba mai tsabta. A kauce wa gindin itace da suri da tsohon mashekari da inda aka taɓa ƙona kara, saboda za su nuna gonar ta fi yadda take ƙarfi. A cakuɗa abin da aka tara, a ɗebi kimanin rabin kilo, a shanya a inuwa, a ƙulla a leda, a rubuta sunan kashin da abin da aka noma a wurin bara da wanda za a noma bana. Ki kai tun cikin Fabrairu ko Maris, yadda sakamakon zai fito kafin ki je sayen taki, kuma idan kin karɓi takardar ki nemi malamin gona ya mayar miki da lambobin zuwa adadin buhuna.